Majigi da PowerPoint a aji: me za a haska, me za a bar wa alli?

Madam Rakiya, Tahoua
Assalamu alaikum malamai. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin nan. A ce CEG, wato ƙaramar makarantar sakandare, ta samu majigi guda da kwamfuta guda. Azuzuwan na siminti ne, tsawonsu mita 9, ɗalibai 70 zuwa 80 a kowane ɗaya, littafi kuma bai ishi kowa ba. Malamai suna so su fara koyarwa da PowerPoint. Daga ina ake farawa, kuma me ya kamata a zuba cikin diyapo, wato shafukan PowerPoint da ake haskawa a bango? Wasu na cewa a juye darasin gaba ɗaya a ciki, a huta da alli.

Mushe Lawali, Tahoua
Wa alaikumus salam Madam. Shawarar a juye darasi duka ita ke kashe abin tun ranar farko. Malami zai tsaya gefen kwamfuta yana karanta bango, yara suna kallon bango, ba mai kallon wani. Kafin minti 20 ƴan baya sun fara gyangyaɗi, balle in an rufe tagogi.

Akwai aikin da alli bai iyawa, kuma nan ne wurin diyapo. Abin da yaro bai taɓa gani ba kuma ba a iya kawo masa aji: ƙwayoyin jini a ƙarƙashin mikroskop, dutse mai aman wuta, teku. Abin da ke motsi: bugun zuciya, yadda Duniya ke zagaya Rana. Sai zanen da ke cinye wa malami minti 15 a tablo kuma ya fito a karkace, irin taswirar Nijar da jihohinta 8 ko hanyar da abinci ke bi cikin jiki.

In an wuce nan, alli ya fi. Musamman lissafi. Yaro na buƙatar ya ga hannun malami yana sauka layi bayan layi, ya ga inda aka dakata aka yi tunani. In aka haska masa amsa a gama, kwafa kawai zai yi. A darasin minti 55, diyapo 6 zuwa 8 sun isa, kuma jimillar lokacin da hoto ke bango kada ta wuce minti 20.

Mushe Abdu, Birnin Ƙonni
Mushe Lawali, na yarda da rabi. Amma Madam ta ce littafi bai isa ba, kuma nan maganar take. Inda babu littafi, kayen yaro shi ne littafinsa, da shi zai shiga BEPC, jarrabawar ƙarshen CEG. Malami mai aji huɗu na 3e, ajin ƙarshe na CEG, yana rubuta taƙaitawa ɗaya sau huɗu a tablo, kowane karo minti 15 ya ba yara baya. In an haska ta, rubutu ya fito tsaf, babu kuskuren harafi, shi kuma malami ya samu sarari ya zagaya yana duba kaye. Wannan ba lalaci ba ne.

Mushe Lawali, Tahoua
Ba lalaci ba ne, gaskiyarka. Amma ka ƙidaya kalmomin da diyapo ɗaya ke ɗauka in ana so na bencin ƙarshe ya karanta.

Malam Iliya, Yamai
Bari in yi muku lissafin, don shi zai raba gardamar. Masu kafa na'urorin nan suna da ƙa'ida: in rubutu za a karanta, na can baya kada nisansa ya wuce tsayin hoton sau 6. Aji mai mita 9 ke nan yana son hoto mai tsayin mita 1 da rabi. In majigin 4:3 ne, faɗin ya zama mita 2, kuma galibin majigai sai an ja su baya mita 3 zuwa 4 daga bango kafin su ba da wannan girman. Gindin hoton ya kasance aƙalla mita 1.2 daga ƙasa, in ba haka ba kawunan ƴan gaba su tare layukan ƙarshe.

Tsayin diyapo a PowerPoint santimita 19 ne, saboda haka bango ya ninka shi kusan sau 8. Harafi mai girman 28, ƙananan baƙaƙensa za su fito kamar santimita 4 a bango. Mai girman 18, santimita 2 da rabi, wanda yaron da ke mita 9 sai ya ƙanƙance ido. Don haka rubutun ciki ya zama 28, kada ya sauka ƙasa da 24, kanun shafi kuma 36 ko 40. Da girman 28, layi ɗaya na ɗaukar kalma 7 ko 8 na Faransanci, layi 7 kuma sun cika ido. Kalma 50 ke nan. Taƙaitawa mai kalma 150 sai an raba ta diyapo uku.

Gwaji tun a gida: ka cika fuskar kwamfutar da diyapon, ka ja baya sau 6 na tsayin fuskar. Ga mai inci 15 kamar mita 1.2 ne. Abin da ba ka karanta daga nan ba, yaron baya ma ba zai karanta ba.

Mushe Lawali, Tahoua
To ka gani Mushe Abdu. Diyapo uku, kuma in ka wuce ta farko ta tafi. Mai saurin hannu ya gama yana surutu, mai nawa yana layi na huɗu. Ka jira, aji ya watse. Ka wuce, kaye 20 su fita da giɓi. Tablo kuwa faɗinsa na riƙe taƙaitawar duka har a kaɗa ƙararrawa, kowa na tafiya da saurinsa.

Mushe Abdu, Birnin Ƙonni
Akwai magani. A haska sakin layi ɗaya, a zaɓi yaro guda daga masu nawa ya zama ma'auni, ba a wucewa sai ya ɗaga alƙalami. Masu sauri a rubuta musu ƙaramin aiki a gefen tablo. Yana tafiya.

Hajiya Zeinabu, Yamai
Ƴaƴana, ku biyun kuna da hujja, amma akwai abin da ya fi saurin hannu muhimmanci. Taƙaitawa ba abin da malami ke sauke wa yara ba ne. Tare ake gina ta, daga amsoshin da suka bayar a tsakiyar darasi. In ta riga ta zauna cikin kwamfuta tun daren jiya, me amsar yaro za ta canza? Su ma suna ganewa. Da sun fahimci cewa komai na nan tafe a diyapo ta ƙarshe, sai su daina wahalar da kansu, su jira.

Ga yadda nake ganin a haɗa. A gina taƙaitawar a tablo da bakin yara. Abin da bai son kuskure ko na harafi ɗaya, wato ma'anar kalmar kimiyya, ƙa'idar lissafi, shekaru da sunayen tarihi, shi za a haska, gajere, su gwada da abin da suka rubuta. Mushe Abdu ya samu tsabtar rubutun da yake nema, darasi kuma bai mutu ba.

Sannan a kiyayi karanta diyapo da baki kalma bayan kalma. Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ya daɗe yana gwada wannan, kuma abin da ya samu shi ne hoto tare da bayanin baki ya fi hoto da bayanin baki da kuma rubutun bayanin duka a lokaci guda. Ido ɗaya ne, ba ya karatu kuma ya bi zane. Yaranmu da ke koyo cikin harshen da ba na gida ba suna amfana da ganin kalma mai wuya a rubuce, wannan gaskiya ne, amma kalma ɗaya ko biyu, a jikin wurin da take nufi a zanen. Ba jimla a ƙasan shafi ba.

Madam Rakiya, Tahoua
Na gode Hajiya. Ko za a ba da misalin darasi guda, daga farko har ƙarshe?

Mushe Sanusi, Madawa
Ga na labarin ƙasa, kan zaizayar ƙasa da yaƙi da hamada, tunda a jiharmu abin yake.

Diyapo ta 1: hoton fako, babu rubutu ko kaɗan. Tambaya da baki: me kuke gani, me ya mai da wurin haka? Minti 3, amsoshi a tablo. Ta 2: kwazazzabo bayan ruwan sama, da mutum tsaye a ciki don a gane zurfinsa. Hoton da babu mutum ko dabba ko itace a ciki ba ya nuna girma. Daga nan a baƙanta bango, a koma tablo a jera dalilai: sare itace, kiwo fiye da ƙima, iska, ruwa mai gudu a gangare. Wannan ya ci minti 12. Ta 3: taswirar Adar, Duci da Magiya. Ta 4: layukan dogon yaro masu tare iska na kwarin Magiya, waɗanda aka fara dasawa a 1975. Ta 5: jeren duwatsu a gangaren tudu irin na aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da ya fara a 1984. Ta 6: zanen rabin wata, ramin da ake haƙawa don tare ruwan sama, babu suna a jiki, da kibiya mai nuna gangare. Yaro ya fito ya nuna inda bakinsa ya kamata ya fuskanta da inda ake tara ƙasar da aka haƙo, sannan sunayen su fito ɗaya bayan ɗaya. A sake baƙanta bango, a yi taƙaitawa. Ta 7: tambaya biyu na gwaji.

Hotunan da malami ya ɗauka da wayarsa a bayan gari sun fi na intanet. Yaro na ganin wurin da ya sani sai bakinsa ya buɗe. Gani ya kori ji, amma sai in an tambaye shi abin da ya gani.

Madam Rakiya, Tahoua
Yaya ake baƙanta bangon ba tare da an kashe majigi ba?

Malam Iliya, Yamai
Kada a kashe shi, kunnawa da kashewa ke gajiyar da fitila. Ana cikin nuni, a danna N in PowerPoint ɗin na Faransanci ne. In na Ingilishi ne, B. A lura, a na Faransanci B fari yake bayarwa, shi ya sa wanda ya koyi abin a bidiyon Ingilishi yake ganin bango ya yi fari fat. Maɓallin ɗigo yana baƙantawa a duka biyun. A rimot ɗin majigi ma akwai maɓallin da ke rufe hoto.

Sauran da ake buƙata kaɗan ne. F5 ya fara daga farko, Maj (wato Shift) da F5 ya fara daga diyapon da kake kai. In yaro ya yi tambaya kan taswirar da aka wuce, ka buga lambarta ka danna Entrée, ba sai ka bi baya ɗaya-ɗaya ba. Ctrl da P ya mai da linzami alƙalami ka zagaye wuri a hoto. Maɓallin Windows da P shi ke zaɓar yadda hoto ke fita: Dupliquer ya nuna abu ɗaya a kwamfuta da bango, Étendre kuma ya ba ka mode Présentateur, inda kai kaɗai kake ganin bayananka da agogo da diyapo mai zuwa. In bango ya nuna hoton fuskar kwamfuta fayau babu komai, kana kan Étendre ne ba ka fara nuni ba, ba lalacewa ba ce.

Game da motsi, Apparaître kaɗai ya isa, a kan dannawa. Rubutu mai tsalle da shafi mai juyawa dariya suke jawowa, kuma sai an yi minti biyu kafin aji ya dawo.

Mushe Lawali, Tahoua
A ƙara maganar haske. Majigi ba ya yin baƙi. Abin da kake gani baƙi a hoto launin bangon ne inda haske bai sauka ba. A aji mai hasken rana, shafi mai duhu da farin rubutu sai ya koma toka-toka. Farin shafi da baƙin rubutu shi ne daidai. Rawaya kan fari ɓacewa take, ja kan kore kuma akwai yara maza da ba sa bambance su. A rufe tagogi biyu na gaba kawai, na baya a bar su don iska da rubutu. Bangon a shafa masa farin fenti marar ƙyalli, na mai yana mai da haske cikin ido. Kuma hoton ya sauka gefen tablo, kada ya hau kansa, don su biyun tare suke aiki.

Mushe Hamisu, Illela
Duk wannan daidai ne, amma kuna magana kamar kuran na zaune. Ni abin da ya dame ni ke nan, shi da zafi da ƙura.

Majigi mai fitila na lumen 3000 (lumen ma'aunin ƙarfin haske ne) yana jan wat 250 zuwa 330. A ce 300, kwamfuta 60, jimilla 360. Batir na volt 12 mai 100Ah yana riƙe wat-awa 1200 a takarda, amma na dalma ba a zuƙe fiye da rabinsa in ana so ya daɗe, saura 600. Na'urar da ke juya shi zuwa volt 220 ta ci kamar kashi 15 cikin 100, saura 510. A raba da 360, awa ɗaya da minti 25. Darasi ɗaya da rabi ke nan, ba yini ba. Ƙaramar ondila ta 650VA kuwa, na'urar da ke riƙe wuta in kuran ya ɗauke, mintoci kaɗan take bayarwa, aikinta ta ba ka damar kashe majigi yadda ya dace. Amma wannan kaɗai ya isa dalilin sayenta, domin fitilar da kuran ya yanke mata tana da zafi, fanka bai huce ta ba, ba ta kai awannin da aka rubuta mata. In da janareta ake aiki, a tashe shi ya daidaita tukuna, a bi ta regilata, sannan a jona.

Zafi: littafin galibin majigai ya ce digiri 35, wasu 40. A Afrilu da Mayu Tahoua na wuce 40 a inuwa, ga rufin kwano. Alamar ita ce fitilar Temp ta kama, na'ura ta kashe kanta a tsakiyar darasi. A watannin nan a sa darasin majigi da ƙarfe 8 ko 9 na safe. A kunna yanayin Éco, haske ya ragu kaɗan, zafi da cin wuta su ragu, fitila ta ƙara kwana. A bar rabin mita tsakanin ramukan iska da bango, kada a ɗora shi kan kyalle ko littattafai.

Ƙura: masu LCD suna da matatar iska a gefe. Da hunturu a zare ta kowane mako a kaɗe da burushi mai laushi. Matata ta toshe, zafi ya taru, ko da sanyin Janairu na'urar za ta mutu. Ƙurar alli ma haka take yi, saboda haka kada a goge tablo da busasshen tsumma majigi na kunne kusa. In fitila ta fashe, akwai sinadarin merkuri a ciki: a fitar da yara, a buɗe tagogi.

Mushe Abdu, Birnin Ƙonni
Ƙananan majigan LED da ake shigowa da su fa? Ba su cin wuta, kuma kwalin na cewa lumen dubu bakwai, dubu tara.

Mushe Hamisu, Illela
A nemi lambar da aka rubuta ANSI a gabanta, ita ce ma'aunin da ake iya kwatantawa. Da yawansu in an duba ɗari biyu ne ko uku. Da dare a ɗaki suna da kyau, a aji da hantsi ba a ganin komai. Talabijin ta fi su: mai inci 55 ba ta kai rabin wutar majigi mai fitila ba, kuma hasken rana bai cika dame ta ba. Sai dai tsayin fuskarta santimita 68 ne, a ninka sau 6, mita 4. Rabin aji ke nan. Ta dace da ƙaramin rukuni ko bidiyo, ba rubutu ga yara 80 ba.

Hajiya Zeinabu, Yamai
Shi ya sa sharaɗin farko shi ne darasi ya iya tafiya ko kuran bai zo ba. A buga diyapo shida a takarda ɗaya a riƙe a hannu. Malamin da kuran ya ɗauke ya ce wa yara a jira, bai shirya darasi ba, nuni ya shirya.

Kuma ina roƙo, kada a ja wayar kuran zuwa ajin zana. Hasken da ke ratsa kara ba zai bari a ga hoto ba, haɗarin kuma ya fi ƙarfin amfanin. Ba mu manta gobarar makarantar unguwar Pays-Bas a Yamai a 2021 ba.

Mushe Sanusi, Madawa
Ajin zana ma na iya cin amfanin majigi ba tare da ya gan shi ba, Hajiya. A kafa farin yadi mita 2 a bangon ofis, a haska taswira ko zanen zuciya a kai, a bi layukan da marka. Minti 20 an samu zane mai daidaiton ma'auni wanda zai yi shekaru, a naɗe a kai kowane aji. Kada a rubuta sunaye a jiki, a yi su a ƙananan kwali da ake maƙalawa, zane ɗaya ya yi koyarwa ya yi gwaji. Haka ma a tablo: a haska siffar, a bi ta da alli, a kashe na'ura, yara su fito su cike.

Mushe Lawali, Tahoua
Ga malaman lissafi da fizik, akwai inda na janye maganata ta farko. Ƙa'idar Thalès a manhajar lissafi ta GeoGebra: ka ja ɗigo ɗaya, tsawon layuka na canzawa, rabonsu na nan daram. Alli zane ɗaya yake nunawa, wannan ɗari yake nunawa cikin minti guda. Haka gwaje-gwajen kimiyya na kwamfuta da ake kira PhET, na Jami'ar Kolorado, ana sauke su a yi aiki da su babu intanet, akwai fassarar Faransanci. Inda babu ɗakin gwaji, haɗa batir da fitila da canza resistans a bango ya fi babu. Amma kafin a danna komai, kowa ya rubuta hasashensa a ardwaz ya ɗaga: fitila za ta ƙara haske ko za ta rage? In ba a yi haka ba kallo ne kawai. Kuma in akwai batir da waya da ƙwan fitila na gaske, a kawo su, sun fi hoton.

Madam Fati, Tahoua
Tambayata kan darasin Hausa ce, a makarantu masu harshe biyu. Ana shirya diyapo a gida da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ lafiya lau, a kai wata kwamfuta su koma ƙananan akwatuna ko su fito da wata siffa daban da sauran baƙaƙen.

Malam Iliya, Yamai
Madam, salon rubutun da kika zaɓa ne babu shi a kwamfuta ta biyu, ko kuma tsohonsa ne da ba shi da baƙaƙe masu lanƙwasa. Andika da Charis na SIL, da DejaVu Sans, da Noto Sans, duka suna da su kuma kyauta ne. Andika don masu koyon karatu aka tsara ta. Bayan kin zaɓa, ki shiga Fichier, Options, Enregistrement, ki sa alama a Incorporer les polices dans le fichier, salon ya bi fayil ɗin. Ki saita shi sau ɗaya a Masque des diapositives, kowace sabuwar diyapo ta gaje shi.

Abin da ya fi tabbas shi ne a fitar da kwafin PDF kusa da na asali. PDF ba ya canza siffa a kowace na'ura. Motsi ne kawai ba ya ɗauka, kuma wannan ma da dabara: in zane na da suna huɗu da za su fito bi da bi, a kwafi diyapon sau biyar, ta farko babu suna, kowace ta gaba da ƙarin guda. Ana juya shafi sai ya zama kamar suna fitowa.

Wanda ba shi da lasisin Office, LibreOffice Impress kyauta ne, ba ya son intanet, yana buɗe fayil ɗin PowerPoint, ko da yake wani lokaci rubutu na ɗan gocewa, sai a duba kafin aji. Google Slides ba shi ne zaɓin farko ba inda rezo ke yankewa.

Mushe Abdu, Birnin Ƙonni
Wanda waya kawai gare shi fa? Malamai da yawa ba su da kwamfuta a gida.

Malam Iliya, Yamai
Zai iya shiryawa a waya da WPS Office ko manhajar PowerPoint, ya turo ta WhatsApp a matsayin takarda. Hotuna ma a turo su a matsayin takarda, in aka turo su yadda aka saba WhatsApp na matse su, a bango su fito dishi-dishi. Jona waya kai tsaye da majigi kuwa ba kowace ke yi ba. Ramin USB-C iri ɗaya ne a ido, amma galibin wayoyi masu sauƙin kuɗi ba sa fitar da hoto ta nan, kada a sayi igiyar HDMI ta jona su sai an gwada.

Wata hanya: talabijin da wasu majigai suna karanta hoton JPEG daga kile na USB kai tsaye, babu kwamfuta. A adana diyapo duka a matsayin JPEG, sannan a sake musu suna 01, 02, 03. In aka bar su 1, 2, 10, wasu na'urori na kawo 10 kafin 2.

Nauyin fayil: hoton waya ɗaya na kai mega 3 zuwa 5, goma sun sa tsohuwar kwamfuta tana jan ƙafa. A danna hoto, Compresser les images, a zaɓi 150 ppp. Bidiyo ya zama MP4, a saka shi cikin fayil ɗin ta Insertion, kuma a ajiye kwafinsa a jaka ɗaya don in ya ƙi a buɗe da manhajar VLC. Kada ya wuce minti 3, kuma a ba da tambayar kafin a kunna.

Mushe Hamisu, Illela
A yi hattara da kile mai yawo hannu zuwa hannu. Ƙwayar cutar kwamfutar nan mai mai da fayiloli rakursi, wato alamar fayil da babu fayil ɗin a ciki, ta cika wuraren buga takardu. Fayilolin na nan, ɓoye su ta yi. Kada a danna rakursin, dannawar ce ke shigar da ita kwamfuta. A wanke kilen da antibirus, a buɗe Invite de commandes, a shiga harafin kilen, a rubuta attrib -h -r -s /s /d, su dawo. Kwamfutar lakwal ta samu kile nata guda wanda ba ya fita.

Madam Rakiya, Tahoua
Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: majigi guda, malamai sun fi 20. A riƙa yawo da shi aji-aji ko a kafa shi wuri ɗaya?

Hajiya Zeinabu, Yamai
A kafa shi, ƴata, yara su zo. A zaɓi ajin da ya fi inuwa kuma yake da ƙofa mai kulle, a yi jadawali a ofishin direkta. Ɗaukarsa aji-aji na cin minti 10 na kowane darasi wajen jona waya da daidaita hoto, kuma fitila mai zafi ba ta son girgiza. In dole sai an ɗauka, a yi alama da fenti a ƙasa inda ƙafafun tebur za su tsaya a kowane aji, a bar shi ya huce kafin ya shiga jaka. A jadawalin a fara ba SVT (kimiyyar halittu da ƙasa), fizik da labarin ƙasa. Malamai masu fanni ɗaya su raba aikin, kowa ya shirya babi biyu, a zauna a gyara tare, a tara a kwamfutar lakwal da suna mai tsari: aji, fanni, babi. A ajiye kaye kusa da na'urar, duk wanda ya yi aiki ya rubuta rana da awa da abin da ya lura.

Madam Fati, Tahoua
Malam Iliya, majigin ramin VGA gare shi, sabuwar kwamfuta kuma ramin HDMI kawai. Kuma a wata makarantar hoton gaba ɗaya ya koma ruwan hoda.

Malam Iliya, Yamai
Ruwan hoda daga wayar VGA ne, kore ne bai isa ba. Kan wayar na da allura 15, a duba ko ɗaya ta lanƙwashe, a miƙe ta a hankali, a ɗaure sukurorin biyu. In bai gyaru ba a canza waya, majigin lafiyarsa lau.

Adafta kuma hanya ɗaya take bi. Ki ce wa mai kanti daga HDMI zuwa VGA, ki duba kwalin, don mai komawa ɗaya gefen ba za ta yi ba ko da kawunan sun shiga. VGA ba ta ɗaukar sauti, saboda haka ki zaɓi mai ƙaramin ramin lasifika, ko ki jona lasifika a kwamfutar. In sauti ya ɓace bayan an jona, Windows ne ya tura shi HDMI, sai a danna alamar lasifika a mai da shi. Majigi mai VGA kaɗai yawanci 4:3 ne, PowerPoint kuma tun na 2013 da 16:9 yake buɗewa, abin da ke barin baƙin fili sama da ƙasa, rubutu ya ƙanƙance da kashi ɗaya cikin huɗu. Ki shiga Création ko Conception, gwargwadon wanda kike da shi, Taille des diapositives, ki zaɓi 4:3 tun kafin ki fara rubutu. In an canza bayan an gama, sai an bi kowace diyapo an gyara zaman hotuna.